Me ya sa bugun mota ɗaya ya karya uwa, ya bar 'yarta da ƙujewa?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifiyata mai shekara 68 da ƙanwata mai shekara 24 suna tsallaka titi da magariba, sai wata ƙaramar mota ta buge su tare. Ƙanwata ta tashi da ƙujewa da kumburin gwiwa, ita kuwa Hajiya ta karye wuri biyu: saman ƙwauri dab da gwiwa, da kuma ƙugu. Direban yana ta rantsuwa cewa ba gudu yake yi ba, har ya taka burki. Likitoci sun ce sai an yi aiki an sa ƙarfe, kawunnaina kuma sun ce ta tsufa da tiyata, gara a kai ta wurin mai ɗori. Shin direban ƙarya yake yi, ko akwai wata cuta a ƙashinta? Kuma da gaske tsufa yana hana aiki?

Amsa: Wa'alaikumus salamu, ɗan'uwa. Sannunku da jinya. Allah Ya ba Hajiya lafiya, Ya sa kaffara ne, Ya kiyaye na gaba.

Bari in fara da abin da ba ya jira. Tunda likitocin da ke riƙe da hotonta sun ce karayar ƙugun tana son aiki, kada ku ɗauke ta daga asibiti, kada kuma ku cinye kwanaki ana kai-kawo da shawara. Dalilan suna nan tafe, amma na sa wannan a gaba ne don kada ka zauna karatun dogon bayani alhali lokaci yana ƙurewa.

Shi kuwa direba, mai yiwuwa gaskiya ya faɗa. Abin da ka bayyana ba baƙon abu ba ne a sashen ƙashi. Gudun da direba yake kira a hankali, a jikin 'yar shekara 24 a hankali ne, a jikin mai shekara 68 kuwa ba a hankali ba ne. Wannan ba ya wanke shi, domin haƙƙin mai tuƙi ne ya lura da mai tsallakawa. Amma girman karayar kaɗai ba ya nuna cewa ya zuba gudu.

Ka dubi yadda mota take bugun mai tafiya a ƙasa. Galibi mutum yana tsallakawa ne, don haka gefensa take samu. Bambar ƙaramar mota tana tsakanin santimita 40 zuwa 50 daga ƙasa, wato daidai gwiwar babban mutum ko ƙasa da ita kaɗan. In an taka burki, hancin motar yana dukawa, sai bugun ya ƙara sauka kan ƙwauri. A wannan ƙiftawar idon, ƙafar da ke ɗauke da nauyin jiki a kafe take a kwalta. Bamba tana tura tsakiyarta, tafin ƙafa yana riƙe a ƙasa, gangar jiki kuma ba ta riga ta motsa ba. Sai ƙafar ta lanƙwashe ta gefe, alhali gwiwa gaba da baya kaɗai aka halicce ta ta naɗe. Daga nan cinya da ƙugu su hau bakin bonet, kafaɗa da kai su bi, sannan mutum ya zamo ya faɗi. Ke nan bugu uku ne a jere: na bamba, na bonet, da na kwalta. Ƙafa ce ta fi yawan jin rauni a irin wannan haɗari, kai kuma shi ya fi yawan kisa.

Idan gwiwa ta lanƙwashe ta gefe, ɗayan abu biyu ne yake sarewa. Ko dai igiyoyin da suka ɗaure gaɓar ta ɓangaren ciki su miƙe su tsinke, ko kuma kan ƙashin cinya ya danne saman ƙashin ƙwauri ta ɓangaren waje ya burma shi. A matashi wannan ƙashin yana da ƙwari, sai igiyoyin su sha wuyar. Shi ya sa ƙanwarka ta tashi da kumburi, kuma ita ma a duba ta da kyau, domin tsinkewar igiyar gwiwa ba ta fitowa a hoton ƙashi, sai bayan watanni gwiwa ta riƙa gocewa. A tsoho kuwa ƙashin ne yake riga igiyar sarewa. Wasu likitoci biyu a Boston, Cotton da Berg, sun bayyana irin wannan karaya tun 1929, lokacin da motoci suka cika titunan Amurka, kuma ita ce irin wadda Hajiya ta samu a saman ƙwauri. Ta ƙugun, mafi rinjaye, faɗuwa ƙasa ce ta jawo ta. Matashi yana kai hannu ya tare, ya mirgina, tsoka da kitse su sha bugun. Tsoho hannunsa ba ya kaiwa a kan lokaci, sai ya sauka da gefen ƙugu kai tsaye, a kan wannan tudun ƙashin da kake ji idan ka taɓa gefen cinyarka ta sama, ga shi naman da ya lulluɓe wurin ya ragu.

Yanzu ga abin da shekaru suke yi wa ƙashin kansa, kuma nan ne amsar tambayarka take.

Ƙashi abu ne mai rai, yana da jini, kuma kullum ana rushe shi ana sake gina shi. Akwai ƙwayoyin halitta masu cinye tsohon ƙashi, akwai masu zuba sabo a gurbinsa, har a kowace shekara ana sabunta kusan kashi 10 cikin 100 na ƙasusuwan babban mutum. Daga yarinta zuwa wajen shekara 30 masu gini ne a gaba, kuma a nan ƙashi yake kai iyakar ƙarfinsa. Daga wajen shekara 40 sai lissafi ya juya, abin da ake ɗiba ya ɗara abin da ake mayarwa, kaɗan-kaɗan, ba ciwo ba alama. Kuma ta ciki ake ɗibar. Dogon ƙashi irin na cinya da na ƙwauri bututu ne mai ɓargo a tsakiya. Da shekaru ramin ɓargon yana faɗaɗa, bangon yana sirancewa, ƙananan ƙofofi suna yawaita a jikinsa. Kamar azara ce da gara ta ci ta ciki: ka gan ta lafiya lau, tana ma ɗauke da rufin ɗaki, sai ranar da wani nauyi ya faɗo mata ba zato. Hajiya tana zuwa kasuwa, tana sallah a tsaye, tana goyon jikoki, domin ƙashinta yana iya ɗaukar nauyin yau da kullum. Rarar ƙarfin da ake ajiyewa don ranar haɗari ita ce ta ƙare.

Ƙarshen dogayen ƙasusuwa, wurin da suke haɗuwa su yi gaɓa, ginin cikinsa daban ne. Saƙa ce ta ƙananan sanduna masu riƙe da juna, kuma ita ce ta fi saurin zaizayewa. Sandunan suna sirancewa, wasu su yanke gaba ɗaya, wanda ya yanke kuma ba ya dawowa. Saman ƙwauri, wuyan ƙashin cinya da ke ƙugu, wuyan hannu da ƙasusuwan baya duk irin wannan gini ne da su. Ka ga wurare biyun da Hajiya ta karye suna cikin jerin.

Mata sun fi shan wannan. Sinadarin jikin mace da ake kira istirojin shi yake taka wa masu cinye ƙashi burki, kuma da mace ta daina al'ada, wajen shekara 50, yana faɗuwa. A shekaru 5 zuwa 7 na farko bayan haka mace tana iya rasa har kusan kashi 20 cikin 100 na kaurin ƙashinta. Namiji ma yana rasawa, amma sannu a hankali, ga shi tun asali ƙashinsa ya fi girma, kuma yayin da ake ɗibar na ciki, jikinsa yana ƙara ɗan kauri ta waje fiye da yadda na mace yake yi. Mai shekara 68 ta yi kusan shekara 20 a kan wannan gangara.

Akwai wani abu da mutane ba su cika sani ba, wanda a ganina ya fi yawan ƙashin muhimmanci idan ana maganar bugun mota. Ƙashi haɗin abu biyu ne: ma'adinin kalsiyam mai ba shi tauri, da zaren kolajin mai ba shi danƙo. Danƙon nan shi yake sa ƙashi ya ɗan lanƙwasa ya shanye bugu kafin ya karye. Da tsufa zaren yana sandarewa, ƙananan tsagu da ido ba ya gani suna taruwa, gyaransu kuma yana jinkiri. Wani bincike da McCalden da abokan aikinsa suka wallafa a 1993, a kan ƙashin cinyar mutane masu shekaru 20 zuwa 102, ya nuna cewa a duk shekara 10 ƙarfin ƙashin yana raguwa da kusan kashi 5 cikin 100, miƙewar da yake iya yi kafin ya karye tana raguwa da kashi 9, ƙarfin bugun da yake iya shanyewa kuwa yana raguwa da kashi 12. Lura da wanda ya fi saurin faɗuwa: shanye bugu, kuma shi ne abin da ake buƙata a gaban bamba. A 1995 wasu masu bincike a Amurka suka gwada saman ƙashin cinya da irin nauyin da faɗuwa ta gefe take ɗora masa. Na tsofaffi masu kimanin shekara 74 ya karye da rabin nauyin da ya karya na masu kimanin shekara 33, kuma kashi ɗaya cikin uku kacal na bugun ya iya shanyewa. Shi ya sa ƙashin tsoho ba ya cika karyewa gida biyu a tsabtace. Yakan farfashe ko ya burma, abin da ke ƙara wa gyara wahala.

Alƙaluman kan titi sun yi daidai da na ɗakin gwaji. Gidauniyar AAA mai binciken haɗurran hanya a Amurka ta fitar da rahoto a 2011 wanda ya nuna cewa hatsarin mummunan rauni ko mutuwa ga mai shekara 70 da mota ta buge tana gudun kilomita 40 a awa, daidai yake da na mai shekara 30 da aka buge da gudun kilomita 56. Wannan lissafin raunin jiki ne duka, ba na ƙafa kaɗai ba, amma ka duba abin da yake nufi. Ƙarfin bugu ba ya ƙaruwa daidai da gudu, ninkuwa yake yi: in gudu ya ninka sau 2, bugu ya ninka sau 4. Daga 40 zuwa 56 kusan ninki biyu ne. Wato rabin bugun da zai kwantar da ɗan shekara 30 ya isa ya kwantar da ɗan shekara 70. A Najeriya iyakar gudu a cikin gari kilomita 50 ce a awa, don haka direba yana iya kasancewa cikin doka, ya kuma yi wa tsohuwa irin wannan rauni. Wannan na cikin dalilan da suka sa taron ministocin duniya kan kiyaye haɗurra da aka yi a Stockholm a 2020 ya nemi a mayar da iyakar gudu kilomita 30 a duk inda mutane da motoci suke cakuɗuwa. Ina tare da wannan ra'ayi ɗari bisa ɗari, musamman a gaban masallatai, kasuwanni da asibitoci.

Irin motar ma tana da tasiri. Jif da akori-kura hancinsu ya fi tsawo, sai su sami cinya da ƙugu kai tsaye maimakon ƙwauri, kuma sukan ture mutum gaba su bi ta kansa. Hajiya ta yi sa'a ƙaramar mota ce. A Turai, tun 1997 shirin Euro NCAP yake gwada gaban sababbin motoci ta hanyar harba musu ƙafar roba da ƙarfe da gudun kilomita 40 a awa, a auna yadda za ta lanƙwashe. Gwajin ya sa an tausasa bamba sosai. Sai dai ƙafar gwajin an ƙera ta ne da girman matsakaicin namiji, ba da girman gajeriyar tsohuwa ba. Duk wannan tausasawar kuma takan tashi a banza idan mai mota ya je wurin mai walda aka ɗaura masa ƙaton ƙarfe a gaba don ya kare fitilunsa.

To, akwai cuta a ƙashinta? Zaizayewar ƙashi, wadda likitoci suke kira ostiyoforosis, ita ce abin zargi na farko ga duk macen da ta kai shekarunta ta karye a ƙugu. Ana tabbatar da ita da wani hoto na musamman mai auna kaurin ƙashi, ana ce masa DXA, wanda ake samu a wasu manyan asibitoci. Bayan shekaru, akwai abubuwan da suke ƙara ta, kuma ya kamata ka tambayi masu zama da Hajiya a gida. Na farko magunguna irin su deksametason da firednisolon. Tsofaffi da yawa suna sayensu a kemis saboda ciwon gwiwa, domin suna kawo sauƙi nan take, wasu kuma suna shan su a matsayin sha-ka-fashe, alhali shan su na watanni yana cinye ƙashi. Idan tana sha, wajibi ne likitan da zai sa ta barci ya sani kafin aiki, kuma ba a daina su farat ɗaya. Na biyu ciwon suga, wanda yake ƙara sandarar da zaren kolajin, har ƙashi ya karye ko da ma'auni ya nuna kaurinsa bai ragu ba. Sai taba, rama, ƙarancin kalsiyam a abinci, zaman ɗaki ba shan rana, da rashin motsa jiki. Likitoci kuma za su duba hoton da kyau don tabbatar da cewa ba wani ƙari ne ya raunana wurin ba, wannan aikinsu ne na yau da kullum.

Shekaru suna shiga lamarin tun kafin mota ta iso. Danjar tsallaka titi a ƙasashe da yawa an saita ta ne a kan cewa mutum yana tafiyar mita 1.2 a daƙiƙa. Wani bincike a Ingila a 2012 ya gano cewa kashi 76 cikin 100 na maza da kashi 85 na mata masu shekara 65 zuwa sama ba sa kai wannan saurin, matan ma matsakaicinsu mita 0.8 ne. Ɗauki titi mai layi huɗu, faɗinsa kamar mita 14. Matashi zai ƙetare shi a daƙiƙa 12, tsohuwa sai ta yi kusan 18. A wannan tazarar ta daƙiƙa 6, motar da ke gudun kilomita 50 ta ci mita 80. Motar da ta hango can nesa lokacin da ta sa ƙafa, ita ce take cim mata a layin ƙarshe. Ƙara da yanar ido, raguwar ji, wuyan da ba ya waiwaye da sauri, da duhun magariba lokacin da wasu direbobi ba su kunna fitila ba. Tsofaffi kuma sukan auna nisan mota, ba gudunta ba. Raina yana ɓaci idan na ji ana cewa ai tsohuwa ce ta ƙi hawa gadar sama. Wanda gwiwarsa ba ta barinsa ya yi sujada sai a kan kujera, ta yaya zai hau matakala masu tsayin bene ya sauka? An zuba siminti a tsakiyar titi, 'yan tireda sun cinye gefen da ya kamata a bi, a-daidaita-sahu yana sauke fasinja a tsakiyar hanya, sannan a ɗora wa mai rauni laifi.

Sai batun tiyata da kawunnanka. Tsoronsu na ƙauna ne, ka saurare su da ladabi, amma ka fahimtar da su cewa abin da suke gudu yana cikin kwanciyar, ba cikin aikin ba. Karayar ƙugu ba ta barin mutum ya zauna, balle ya tsaya. Tsohon da ya kwanta makonni kuwa abubuwa suna taso masa bi da bi: majina ta taru a huhu ta zama namoniya, jini ya daskare a jijiyar ƙafa ya ɓalle ya toshe huhu, fatar baya da ta ɗuwawu da ta dugadugai ta ɓare ta zama gyambo, fitsari ya kamu da cuta, hankali ya gushe. An taɓa kwantar da wasu tsofaffi lafiyayyu, masu kimanin shekara 67, na kwana 10 kacal a wani gwaji da aka wallafa a 2007, sai suka rasa, a matsakaici, kusan kilo 1 na tsokar ƙafafu. Waɗannan lafiyarsu ƙalau, ba karaya. Ko a ƙasashe masu kyawawan asibitoci, cikin tsofaffi 4 ko 5 da suka karye a ƙugu, 1 ba ya cika shekara, kuma mafi yawa matsalolin da suka biyo baya ne suke kai su. Shi ya sa ƙa'idar likitocin ƙashi ita ce a yi aikin cikin awa 48 idan hali ya yi, a zaunar da majinyaci washegari. Manufar aikin ita ce a tayar da ita daga gado. Ana yi wa masu shekara 80 da 90, sau da yawa da allurar baya wadda take kashe rabin jiki ba tare da an sa mutum barci ba. Abin da ake dubawa shi ne zuciya, huhu, ƙoda, yawan jini da suga, ba takardar haihuwa ba.

Irin aikin ya danganta da inda ƙashin ya karye. Idan wuyan ƙashin cinya ne kuma ya goce, jijiyoyin da suke kai jini ga kan ƙashin sukan yanke, kan ya mutu ko da an haɗa shi, don haka a tsoho an fi cire shi a sa na ƙarfe. Idan ƙasa da wuyan ne, sai a riƙe shi da sanda ta cikin ɓargo ko faranti da kusoshi. Na gwiwar kuma, a ɗago wurin da ya burma, a cike ramin da ke ƙarƙashinsa, a tokare da faranti. Ƙashi mai laushi ba ya riƙe kusa da kyau, saboda haka ake amfani da irin farantin da kusoshinsa suke kulluwa a jikinsa. Wani lokaci ana jinkirta aikin gwiwa kwanaki har kumburi ya saɓe, wannan ba sakaci ba ne, fatar tsoho a kan ƙwauri siririya ce kuma in aka yanka ta a kumbure ba ta haɗewa. Ka shirya wa gaskiya ɗaya: saman ƙwauri yakan ɗauki wajen wata 3 kafin a yarda a ɗora masa nauyi sosai, don haka tashinta zai fi na mai karayar ƙugu kaɗai jinkiri. Amma zama a kujera, juyawa a gado da taka lafiyayyar ƙafa duk za su yiwu da wuri.

Ba na raina masu ɗori. Suna kusa da jama'a, kuɗinsu da sauƙi, kuma akwai karayar da ko ba a taɓa ta ba za ta haɗe. Waɗannan biyun ba sa cikinsu. Ƙashin ƙugu yana can ƙarƙashin tsoka mai kauri, babu karan da za a ɗaura ta waje ya riƙe shi, jan ƙafar da murza ta kuma yana ƙarasa yanke sauran jijiyoyin jinin. Saman ƙwauri kuwa shimfiɗar gaɓa ce, hannu ba ya ɗago abin da ya burma ciki. Mafi muni shi ne ɗaurin. Ƙafar da ta karye tana ci gaba da kumbura kwanaki, in an ɗaure ta tamau da karare sai jini ya daina kaiwa ƙasa. Jijiyoyin jinin tsoho dama sun ƙuntata, mai ciwon suga kuma ba lallai ya ji zafin da zai sa ya yi kuka ba. Sai yatsu su yi sanyi, su yi baƙi, a kawo mutum asibiti lokacin da babu abin da ya rage sai yankewa. Duk likitan ƙashi a ƙasar nan ya ga wannan, kuma babu abin da ya kai shi ciwo, domin karaya ce da za ta warke.

Idan kuɗi ne ainihin abin da ke bayan shawarar, a faɗe shi a fili a nemi mafita. Ku tambayi ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibitin. Inshorar da doka ta wajabta wa kowace mota a Najeriya an yi ta ne domin wanda aka buge, saboda haka ku karɓi rahoton 'yan sanda da bayanan inshorar motar tun yanzu. Idan kuma asibitin ba shi da kayan aikin, ku nemi takardar turawa yau, ba gobe ba, zuwa asibitin koyarwa mafi kusa ko irin su Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.

Ku masu jinya, akwai abubuwan da idonku zai riga na ma'aikata gani. Karayar cinya ko ƙugu tana iya zubar da jini lita 1 ko fiye a cikin nama ba tare da ɗigo ya fito waje ba. Tsoho mai hawan jini, in awonsa ya sauko 110, ana iya cewa lafiya lau alhali jini yake rasawa, wasu magungunan hawan jini kuma suna hana zuciya bugawa da sauri, sai alamar ta ɓuya. Ku kawo duk magungunan da take sha a leda ku nuna, musamman asfirin da sauran masu tsinka jini. Ku riƙa taɓa yatsun ƙafarta: da ɗumi, tana jin taɓawar, tana iya ɗaga babban yatsa sama? Akwai jijiyar da ta zagaya ta gefen gwiwa daidai inda bamba take bugu, in ta taɓu ƙafa takan saki. Ciwon da yake ƙaruwa duk da magani, ku kira ma'aikaci nan take. In ta fara sambatu da dare, ta kasa gane ku, ko tana fizge robar ƙarin ruwa, kada a ce iska ce ko gigin tsufa. Alama ce ta zafin ciwo, ƙarancin jini, ƙishirwa ko wata cuta da ta shiga, kuma tana da magani. Kanta ma a sa masa ido har bayan sallama, domin jini yana iya taruwa a hankali a ƙarƙashin ƙoƙon kan tsoho, sai bayan makonni ciwon kai, yawan barci ko raunin ɓari ɗaya su bayyana.

Kafin a sallame ta, ka tambayi likita kai tsaye: me za a yi wa ƙashin kansa? Sau da yawa ana gyara karaya a manta da abin da ya kawo ta, alhali wanda ya karye a ƙugu sau ɗaya yana cikin hatsarin karya ɗayan, kuma hatsarin ya fi yawa a shekara 2 na farko. Akwai magani irin su alendironet, ƙwaya ɗaya a mako, ana sha da sassafe kafin karin kumallo da kofin ruwa cike, a zauna a miƙe minti 30 ba a kwanta ba. Wadda ba ta iya zama ba tukuna, ko mai matsalar ƙoda ko maƙogwaro, likita zai zaɓa mata wani. Ana haɗawa da kalsiyam da bitamin D. A abinci a dage da nono da kindirmo, ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu, zogale, kuka, riɗi, wake, ƙwai da nama, domin ƙashi da tsoka ba sa ginuwa da koko da shayi kaɗai. A fito da ita hantsi ta sha rana. A bi mai gashin ƙashi na asibiti sau da ƙafa ko da tana kukan ciwo, a samo mata abin dogarawa mai ƙafa huɗu, a gyara banɗaki ya zama na zama ba na tsuguno ba, a ɗauke tabarmi da igiyoyin da ke kan hanyarta. Da ta fara fita kuma, a kai ta asibitin ido a duba yana, domin cire ta aiki ne na ƙasa da awa ɗaya kuma yana rage faɗuwa.